Baturen da Ke Sayen Tsufa

A wani shagon buga riguna a Liwan, wata unguwa a ƙasar Sin, Zayyad, ɗan kasuwar Kwari, yana jiran mai shagon ta sallami wani tsohon Bature. Tsakiyar kan mutumin sanƙo ne, amma ya bar furfurar ƙeya ta zubo har kafaɗa. Tumbi ya hana zif ɗin rigar fatarsa rufuwa.

Hoto yake nuna mata, na samari huɗu da suka murtuke fuska. Wai ƙungiyarsu ce a Ingila, masu hebi metal, kiɗan nan na ihu da kaɗa gashi. Faifai ɗaya suka yi, faɗa ya watsa su. Shi ne mai ganga, wanda kafaɗar wani ta rufe wa rabin fuska.

So yake a buga hoton a riguna, a koɗar da su, a yayyaga wuyan.

"Sabuwa akwai," in ji matar. "Tsohuwa, meyo." Wato babu.

Zayyad ya taɓe baki. Shi da yake mayar da dilar kaya guda idan launi ya koɗe. Shekara arba'in ba a samu masoyin da ya sa rigar ƙungiyar har ta tsufa ba, shi ne aka zo Sin neman injin da zai yi musu soyayyar.