Kwat ɗin da na yafa wa baƙo

A lokacin ina da shagon wayoyi da turare kusa da Fordham Road, wanda na faro daga teburin bakin titi. Ni ba matsoraci ba ne, amma da wasu samari suka tare ni da wuƙa a ƙofar shagon, sai na nemi lasisin yawo da bindiga. Na sha jira kafin ya fito. Ranar saye na yi zaɓe irin na ɗan kasuwa: na ɗaga wannan, na auna waccan, na ce wa mai shagon bindigogin mafi ƙanƙanta nake so, wadda ba za ta nuna a jiki ba. Ya ce in haɗa da kuben da ake ɗaurawa a ƙugu, na ce aljihu ya ishe ni. Kafin wata ya zagayo na daina jin nauyinta.

Wata rana cikin tsananin sanyi wani ɗan Nijar ya shigo neman aiki, sabon zuwa, maganar takardunsa na gaban kotu. Sai kakkarwa yake cikin 'yar riga. Ba ni da aikin ba shi, sai na tuɓe kwat ɗina na yafa masa, kamar yadda aka yi mini shekarar da na zo. Ya yi ta sa albarka, ya tafi hawa jirgin ƙasa na layin D.

Sai da na tashi alwalar la'asar na shafa jikina, na tuna. Bindigar tana cikin aljihun kwat ɗin. Ko mai lasisi an hana shi shiga jirgi da bindiga, balle shi. Ba ni da lambarsa, ban san masaukinsa ba. Na bi titin Grand Concourse ina tambayar mutanenmu shago-shago.

Dab da magariba ya dawo, kwat ɗin a naɗe a hannu, leɓunansa sun bushe. Ya ce a jirgi ya cusa hannu aljihu saboda sanyi ya taɓo ta, ga 'yan sanda biyu tsaye a kansa. Yana kirana Alhaji, yana tambayata me ya yi mini. Na zare ta, na roƙe shi ya riƙe kwat ɗin, ya ce gara masa sanyin.

A makon na miƙa ta ga hukuma. Na saye ta don tsoron ɓarayi, ban lissafa da mantuwata ba. Ɗan'uwa, in har sai ka ɗauka, ka san inda take a kowane numfashi. In ba za ka iya ba, ka bar ta, kafin bawan Allah da bai ji ba bai gani ba ya biya maka.