Farar Rigar da Ka Shanya a Taga

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga wata, da hantsi, Allah Ya karɓi ran malaminmu na adabi, wanda muka laƙaba wa Malam Me-Ake-Nufi. Shekara talatin da ɗaya yana shan ƙurar alli a makarantarmu, ya yi ritaya, muka manta da shi kamar tsohuwar kalanda.

Malam, yau da kai nake, ko da yake na makara.

Ban manta da littafin da kake koyarwa duk shekara ba, na mutumin da jirgin ruwansu ya nutse, ya tsira shi kaɗai a tsibiri. Littattafan ajinmu duk sun yage, kai ka ɗinke su da zare da allura, ka ba ni naka na tafi da shi gida. A labarin, kullum da safe mutumin yakan wanke rigarsa ɗaya tilo ya rataye a busasshiyar bishiya. Ka tambaye mu me ake nufi. Wani ya ce tsabta, wata ta ce sa rai. Ni na ɗaga hannu na ce, "Malam, kira yake yi. Mutum ne da ba ya iya roƙo, shi ne ya bar riga ta yi masa magana ko jirgi zai hango." Ka buga tebur ka ce, "Wannan yarinya za ta gaje ni!"

Na gaje ka kuwa. Ajinka nake koyarwa, a kujerarka nake zama, kuma ta gaban benen da kake haya nake wucewa safe da yamma. Mako uku farar rigarka tana rataye a ƙarfen taga. Na gan ta, wallahi na gan ta. Har na ce wa abokiyar aikina, "Malam yana nan da ƙarfinsa, kullum cikin wanki." Muka yi dariya muka wuce. Ashe kana kwance, ƙafa ta kumbura, ba ka iya sauka. Lambata tana wayarka, amma yaushe ka taɓa ce wa wani ya taimake ka?

Telan da ke ƙasan benen ne ya haura, don ya daina jin takunka. Ya ce kafin a ɗauke ka zuwa asibiti ka riƙe masa hannu ka tambaye shi, "Ana hango ta daga titi?"

Ana hangowa, Malam. Ɗalibanka nawa ne ke bin titin nan? Yanzu ga mu mun cika gidan makoki, kowa yana rige-rigen cewa kai ka yi shi. Kunya ta ishe ni, kuma haushin kaina ya fi na kowa. Ranar Litinin babin nan zan koyar, ban san da wane baki zan tambayi yara me ake nufi ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa jinyar da ka yi kai kaɗai ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyya ga ƙanwarka da 'ya'yanta, Allah Ya ba su haƙuri. Tela kuma, wanda bai taɓa karanta littafin ba, Allah Ya saka masa da alheri. Mu da muka ci jarrabawar, Allah Ya yafe mana.