Gwaggo Bokiti da Zaman Laraba

Ranar Litinin, sha huɗu ga watan Maris, ƙarfe takwas saura kwata, na fara ganinta. An ɗauke ta aikin shara a ƙaramin asibitinmu, ni na buɗe mata fayil. Da na tambayi zurfin karatunta, ta ce, "Aji huɗu, Malam Akawu, shi ma da ƙyar." Mijinta ya rasu, 'ya'ya biyar, ɗankwali kullum a karkace. Yara suka laƙaba mata Gwaggo Bokiti.

Bayan shekara biyu likita ta ce za a riƙa tara yara masu yawan fargaba duk Laraba: masu faɗuwar gaba, masu kasa shiga aji, masu ciwon ciki ranar jarrabawa. Ba mu da ƙwararre, don haka za a horar da ma'aikaci ɗaya ya jagoranci zaman. Na miƙa takardata. Shekara sha tara ban taɓa makara ba. Aka zaɓi Gwaggo, wai yaran da ke kuka a layin allura bayanta suke laɓewa. Ni aka ba ni rajistar masu zuwa da kujera a bakin ƙofa, ta waje.

Mako na uku na rubuta suna na tara da hannuna: autata, mai shekara sha uku. Wata biyar ke nan kullum sai ta yi amai a ƙofar makaranta. Na yi iya yina. Na ware littafi, na ja layuka: rana, lokaci, abin da ta ci, dalili. Duk yamma in zaunar da ita in tambaya, ta ce, "Ba komai, Baba." Layin dalili ya zauna fari fat.

Ta taga nake hango su. Gwaggo ta jingine kujeru, kowa a tabarma. Ta zube wankakkun tawul a tsakiya, ana ninkewa, ba mai kallon idon wani. Su ja numfashi tare, su ƙirga huɗu, su sake. Laraba ta biyar na jiyo muryar Auta. Na duba agogo: minti shida cur tana magana. Ni da na haife ta ban taɓa samun ɗaya ba.

Da aka tashi na tare Gwaggo wajen famfo.

"Me ta ce?"

"Mun yi alkawari, Malam Akawu. Maganar cikin ɗaki ba ta fita."

"Ni ne fa ubanta."

"Kai ne kuma mai biro. Yarinya ta buɗe baki ka cire murfi, wa zai ƙarasa? Ko ni, ranar da ka tambaye ni aji nawa, sai da na tsorata."

"To, ya zan yi?"

"Bar littafin a ofis. Ku ninke wanki tare, ka kama bakinka."

Raina ya ɓaci, amma na gwada. Kwana tara muna ninki shiru. Ran na goma, idonta a kan rigata, Auta ta ce malamin lissafi yakan tsayar da ita gaban allo, 'yan aji su yi ta kwaikwayon yadda hannunta ke rawa. Hannuna ya nufi biro a aljihu, na tsayar da shi. Na dai ƙirga a zuci. Minti biyu ta ba ni. Gwaggo shida.

Auta ta koma aji a zango na biyu, aman ya tsaya. Gwaggo ta ajiye bokiti bara, yanzu ita ke horar da masu jagorantar zaman a asibitoci huɗu. Ni na gyara mata fayil. Layin karatu yana nan yadda na rubuta shi: aji huɗu.