Mamacin da Ya Halarci Jana'izarsa

Bayan rasuwar Inna, mu biyu muka rage a gidanmu na Adjamé, ni da Baba. Ni ce 'yar fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke". A Abidjan aka haife ni, Faransanci ya fi zama a bakina. Shi kuwa Bakatsine ne, tsohon direban babbar mota, Faransancinsa bai wuce na gaisuwa da na 'yan sandan hanya ba. Da, Inna ce ke kai masa maganata, ta kawo mini tasa. Da ta tafi sai gidan ya yi tsit. In tafi kantin maganin da nake aiki a Treichville, in dawo da yamma in ajiye masa abinci, ya ce "Allah ya yi albarka", shi ke nan.

Wata rana na sayi tsohon bidiyo a kasuwar Roxy, mai kayan ya yi mini gyara da kaset guda. Fim ne na 'yan daban Amurka, na zamanin da aka haramta giya a ƙasarsu, an juya shi zuwa Faransanci. Ran Lahadi bayan la'asar na kunna. Baba na kan tabarma da carbinsa, na ɗauka ba ya kallo.

"Ke, tsayar da shi," in ji shi.

Na tsayar. Ya nuna wata mota can bayan masu harbi.

"Wannan ina saurayi aka fara yin irinta. Me take yi a zamanin kakanni?"

Na yi dariya, shi ma ya murmusa. Daga nan ya zama aikinmu na Lahadi. Ba ya jin abin da suke faɗa, saboda haka idonsa yana kan abin da ni ba na gani. Ya gano an harbi ubangidan 'yan daban a kafaɗar hagu, aka wayi gari da bandeji a dama. Ni na kama sigarin da ke ƙara tsawo ana shansa, na yi ta laluben yadda zan faɗa da Hausa, yana gyara mini.

Wata Lahadi ana ruwan sama muka kai wurin jana'izar wani direbansu da aka kashe tun farkon fim. Baba ya miƙe zaune.

"Mayar da shi baya. Dubi na bayan mai lema."

Mamacin ne, an dai sauya masa hula, yana tsaye cikin masu raka gawarsa. Baba ya yi dariya har da tari, irin wadda rabona da ji tun Inna na da rai. Sai dariyar ta tsaya. Ya daɗe yana kallon hoton da ke rawa a talabijin.

"Su nasu yana dawowa," ya ce.

Sannan ya fara ba ni labarin ranar da ya fara ganin Inna a tashar Adjamé, tana taya yayarta sayar da abinci. Hausarsa ta yi zurfi, ya shiga kalmomin Katsina da ban taɓa ji ba. Rabi na gane. Na tsayar da shi na tambaya, ya bayyana, na sake tambaya, sai ya ce, "Bar shi, wata rana."

Da ƙasar ta rikice, ƙannensa suka matsa ya koma gida. Ya ce in biyo shi, na ce aiki. Gaskiyar ita ce ban san kowa a Katsina ba. Na kai shi tasha da sassafe, na samar masa kujerar taga saboda ƙafarsa. Ya ce in riƙa kulle ƙofa da wuri. A can ya rasu, shekara ba ta zagayo ba, wani ɗan ƙanensa ya gaya mini a waya. Ya yi ta magana da sauri, ni kuma ina cewa "to, to", har layin ya yanke.