Dakan da Yaya Isuhu Ya Ji a Ruwan Tiga

Shekara bakwai ke nan da muka rufe yayana Isuhu a maƙabartar bayan unguwarmu, a ƙasar Bebeji, kuma har yau akwai abu guda game da ƙarshensa da na kasa warware wa kaina.

Masunci ne a Tiga. Yana ɗan shekara goma aka tashi ƙauyenmu saboda dam, ni kuwa a sabon matsuguni aka haife ni. Da ciwon ciki ya matsa masa, na kai shi asibiti a Kano, aka ce daji ne a hanji, kuma ya riga ya taɓa hanta. Aka yanke hanjin, bayan wata uku aka koma aka cire ɓangaren hantar. Ranar sallama ya dubi likitar ya ce, "Likita, shi ke nan mun rabu da shi?"

"Baba, abin da ido ya gani mun cire," in ji ta. "Amma irin wannan yakan dawo, musamman a shekarun farko. Wasu kuma sukan haura shekara biyar lafiya lau. Ban san wanne ne naka ba. Ka dai riƙa zuwa hoto."

Ya murmure, ya yi ƙiba, ya koma ruwa. Shekara uku muna hawa motar Kano muna dawowa da labari mai daɗi.

A bazarar shekara ta huɗu, ruwa ya ja baya, ya ce in raka shi. Da hantsi ne, rana fayau. Muka yi nisa, sai ya daina tuƙi a wani wuri da babu komai sai kan busasshiyar bishiya da ya leƙo. Ya yi sallama, irin ta mai shiga gida.

"Nan ne ƙofar gidanmu," ya ce. "Kabarin Kaka na gabas da bishiyar nan. Habu, kana jin daka?"

Na kasa kunne. Ruwa ne ke bugun cikin jirgi. Ko kuwa taɓarya ce, can ƙasa, a hankali? Har yau ban tsaya a kan magana ɗaya ba.

"Shekara arba'in ina bi ta nan, ban taɓa ji ba sai makon nan. Ciwon ya dawo." Ya dafa ƙasan haƙarƙarinsa na dama.

Ba ya jin ciwo, yana cin tuwonsa, hoton wata biyu da suka wuce fes yake. Na ce, "Haba Yaya, gaibu sai Allah." Ya ce shi ma bai ce ya sani ba. Duk da haka na roƙa aka matso da ranar hoto. Likitar ta daɗe tana kallon hoton. Ɗigo uku ne, a inda wuƙa ba ta isa. Bayan wata takwas ya cika, ana kiran la'asar.

Nakan yi tunanin me zai ce da ya ga yau: sakamakon gwaji na shigowa ta waya, 'yarsa Hadiza na sanye da farin kayan nas. Ina jin dariya zai yi, ya tambaye ta ko injin nasu ya fara rigan mai jiki sani.

Jirginsa ya ruɓe a bakin gaɓa. Abin da ya saura shi ne maganarsa. A watanninsa na ƙarshe yakan ɗaga riga ya nuna wa masunta ɗinkin cikinsa, ya ce shekara biyu ya ɓata yana shan jiƙon basir, kada wanda ya ga jini ya yi irin tasa. Bara ni ma na ga jinin. Maiɗakina ta kawo jiƙo, na ajiye shi na hau motar Kano. Aka cire ɗan tsiro, tun bai juya ba.

Sabon likitan ya tambaye ni wa ya turo ni da wuri haka. Na ce yayana. Ya ce in gaishe shi.

Na ce, "Zai ji."