Fanken Doki

Ni dai bakina ne yake jawo mini, kuma tun ina ƙarama haka yake. Innata takan ce da za a ɗora ni a sikeli, rabin nauyina harshe ne. Amma ban taɓa ganin ɓarnar bakin nan ba kamar shekarar da kakana ya zo jinya gidanmu a Talata Mafara.

Kakan nawa mahaifin Inna ne, manomin Maradun, dogo siriri, ga tsokana kamar me. Tun ranar sunana yake kirana amarya, ni kuma da bakina ya buɗe na fara kiransa ango. Wasan jika da kaka ne: ya ce zai sake ni don ban iya tuwo ba, in ce dama na gaji da miji marar haƙora. Tsakaninsa da Inna kuwa sai kunya. Ita ce 'yar fari, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke", ko "yarinyar nan", alhali ta aurar da 'ya'ya. Ba ya cin abinci tana kallo. In ta kawo kwano, durƙusawa take ta ajiye ta fita.

Bayan salla, abin da tsohon nan ya fi ɗauka da girma shi ne fanke. Akwai wata mai suya a ƙofar gidansa can Maradun, kullum da safe sai ya tsoma nata a shayi mai madara, kuma ya fi shekarun haihuwata yana yin haka. Sai ciwon ciki ya fara. Kumburi, murɗa, zaryar bayi, har ya rame wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da aka kawo shi Mafara aka yi gwaje-gwaje, likita ta ce hanjinsa ya daina shiri da alkama, ya bar ta har abada. Madara da ƙwai ma a dakata tukuna. Ta ba shi maganin da ake sha da safe bayan an ci abinci, ta kuma ja kunnen Inna cewa in ya koma wa alkama, ciwon zai dawo fiye da da.

A hanyarmu ta dawowa gida ya ce da ni, "To mi ya rage, amarya? Ta ce in daina numfashi mana, a huta."

Shi ya sa Inna ta riƙe shi a gidanmu. Ta san in ya taka Maradun, mai fanke na nan a ƙofar gida tana jiransa.

Ƙanina da ke aiki a Abuja ne ya aiko da wani gari a leda, wai garin ots, hatsi ne na ƙasashen sanyi, ba ruwansa da alkama. Ya bugo mini waya ya ce in gwada yi wa tsoho fanke da shi. Har zai kashe sai ya yi dariya ya ce, "Kin san kuwa a ƙasar masu shi har dawaki ake ba?" Na yi dariya, na ajiye maganar a aljihu. Da ma a can na bar ta.

Garin nan ya wahalar da ni. Gwajin farko ya manne a kasko, na kankare da cokali na zuba wa kaji. Na biyu ya wargaje kamar dambu. Sai a hankali na gane halinsa. Ƙishirwa gare shi, sai an dama an bar shi ya sha ruwa ya kumbura. Tunda babu ƙwai, ayabar da ta nuna har ɓawonta ya fara baƙi nake dagargazawa a ciki, ita ke riƙe ƙullun. Tunda babu madara, gyaɗar Maradun da tsoho ya zo mana da ita tsaraba nake jiƙawa, in markaɗa in tace, ruwan ya fito fari sol kamar na kunu. Ɗan yis, ɗan gishiri, ɗan sukari, sai in shafa man gyaɗa a kaskon sinasir in zuba ludayi ɗaya. Wuta kaɗan-kaɗan, kuma ba a juyawa sai samansa ya yi 'yan huji. Ba ya tashi ya yi ƙwallo kamar fanken alkama, a shimfiɗe yake fitowa.

Ranar da na fara kai masa, ya ɗaga ɗaya ya duba gaba da baya.

"Wanga hwanke mota ta taka shi?"

"Ka ci ko ka bari, ango. Kaji na jira."

Ya gutsura, ya tauna da dasashi, ya ƙara gutsura. Ya cinye guda huɗu yana cewa gishiri ya yi yawa. Washegari ya cinye biyar yana cewa gishiri ya yi kaɗan. Cikin sati biyu kumatunsa suka fara dawowa, zaryar bayi ta tsaya, Inna har da sadaka.

Sai wata safiya abokansa uku suka zo dubiya daga Damaga. Aka yi gaisuwa doguwa, aka tambayi gida da gona da shanu, na shigo da faranti na ajiye. Ganin ya samu 'yan kallo, tsoho ya gyara zama.

"Kun ga amaryar tawa? Ba ta iya komi ba sai wanga abu mai kama da faifai. In na warke sakinta za ni yi."

Suka bushe da dariya. Ni kuwa ina da abin da na ajiye a aljihu, kuma ya daɗe yana cizona.

"Ka dai ci, ango," na ce. "A garin masu shi dawaki ake ba. Shi ya sa kwana biyun nan nake jin haniniya daga ɗakinka."

Kai, dattawan nan sun yi dariya har ɗaya ya ƙware da goro. Na ji daɗi, na ɗauka na ci wasan. Sai na lura tsoho bai yi dariya ba. Fanken na hannunsa, ya kusa kai shi baki, ya tsaya.

"Gaskiya ne, ko wasa?"

"Wallahi ƙanina ya faɗa mini."

Ya mayar da shi cikin faranti a hankali, ya goge yatsunsa a tabarma, ya ci gaba da hira da baƙinsa.

Washegari faranti ya dawo yadda na kai shi. Jibi ma haka. Na je na ce masa wasa nake yi, ya ce, "Kin ce wallahi." Na sa aka samo shinkafar Bakura mai kyau na yi masa masa, ya ce shi bai ce yana biki ba. Na dama koko, ya kurɓa sau biyu ya ture. Tuwon rana kaɗai yake taɓawa, shi ma loma uku. Maganin safe kuwa ba ya shayuwa da wofin ciki, sai ya daina sha. Kumatun da na tara da wahala suka fara zubewa a gabana.

Haushi ya kama ni. Na ɗauka girman kai ne, wai an kunyata shi gaban abokai. Na tsaya a bakin ƙofarsa na riƙe ƙugu.

"Yanzu don Allah dawaki ba sa cin dawa? Kai ba ka cin tuwon dawa?"

"Dawa ta kowa ce," ya ce. "Wanga kuwa kin ce nasu ne."

Inna ba ta zage ni ba, kuma da zagin ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Ke kika kwance, ke za ki ɗaura." Daga nan ta daina yi mini magana sai ta dole. Tsoro ya fara shigata sosai, don na ga da gaske tsohon nan zai iya komawa gidan jiya saboda dariyar minti ɗaya.

Ranar Talata, ranar kasuwa, motocin Maradun na cika tun da hantsi. Na shiga ɗakinsa da faranti kamar kullum, na tarar ya ɗaure kayansa a buhu, ya sa hula, sanda na gefe.

"Gida za ni, amarya. In ciwo ya kashe ni, ya kashe ni da hwanken mutane a ciki."

Na ajiye farantin, na zauna a ƙasa, abin da ban saba ba. Duk tsiwar ta gudu. Na ce masa ya yi wa Allah ya yafe mini, ban san abin zai yi masa zafi haka ba, kuma in abokansa ne, ni zan je har Damaga in ce ƙarya na yi.

"Su wa? Waɗancan?" Ya yi tsaki. "Ai su ko ciyawa anka soya musu ci za su yi."

Ya murza bakin buhun. Sannan ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba.

Yana matashi, ya ce, yana da doki, ja mai farin goshi. Ba na ado ba ne, na zuwa gona da kasuwa ne, amma yana son shi kamar ɗa. Duk kaka sai ya ware masa dawarsa a buhu daban kafin a zuba saura a rumbu, kuma ba mai taɓa ta. Sai aka yi wata shekarar fari, rumbu ya ƙare tun kafin ruwa ya sauka. Lokacin an yaye Inna ba da daɗewa ba, kullum kuka. Kakata tukunyar kunu kawai ta ɗauko ta kifa a gabansa. Ya tashi ya jawo buhun dokin ya ba ta.

"Kullum da sahe in ta hwara daka, shina jin taɓarya, shina haniniya daga turke. Ya san dawarshi ce. Ni kuma in zauna in sha kunun, shina kallona."

Da haƙarƙarin dokin ya fito, sai ya ja shi a ƙasa har Bakura, ya bar wa wani mai fadama da ke da ciyawa. Ya dawo da linzami a kafaɗa.

"A hanya na yi alkawari ba ni ƙara cin abin da anka ɗauko daga bakin dabba. Na riƙe shi har na tsufa. Sai ga ki da haniniyarki."

Ni mai baki, na buɗe shi zan ce ai wannan ba daga bakin kowa aka ɗauko ba, sai na ji motsi a bayana. Inna ce tsaye a bakin ƙofa da butar shayi. Ban san tun yaushe take nan ba, amma daga fuskarta na gane ita ma yau ta fara jin labarin.

Ta shigo. Maimakon ta durƙusa ta ajiye ta fita, sai ta cire takalmi ta zauna a kan tabarmarsa, daf da shi. Tsoho ya kawar da kai ya kalli bango, kamar an kama shi da laifi. Ta jawo farantin, ta ɗauki fanke ɗaya, ta raba biyu, ta ci rabi a gabansa. Tun da nake ban taɓa ganin Inna ta tauna ko gyaɗa a gaban mahaifinta ba.

"Baba," ta ce, "ashe ni na cinye mashi dawar. To ga ni nan, na girma, har na haifi wagga mai baki. Abincin doki ya raya ni, ban ga abin da ya rage ni da shi ba." Ta miƙa masa ɗaya rabin da hannu biyu. "Ka bari ya raya mini kai. Ban shirya rashinka ba."

Ya daɗe bai juyo ba, har na fara jin 'yan kamasho daga bakin titi suna kiran Maradun, Maradun, saura mutum ɗaya. Can sai ya miƙo hannu, fuskarsa na kallon bango, ya karɓa. Ya tauna a hankali. Inna ta tsiyaya masa baƙin shayi, ta ɓare maganin ta sa masa a tafi, ya haɗiye. Ya ture buhun kayansa da ƙafa zuwa lungu.

Sannan ya juyo gare ni, idanunsa jajur.

"Amarya, wanga ya huce. Haka anka koya miki riƙon miji? Tashi ki soyo mai zahi."

Na ɗauki farantin na fita ina share hawaye da gefen mayafi. Ban kai ga murhu ba na ji wata siririyar haniniya ta taso daga ɗakin, da ɗan karkarwa a ƙarshenta kamar ta gaske. Na dawo da gudu na leƙa. Tsoho na kurɓar shayi, Inna na gyara ɗankwali, kowa fuska a ɗaure kamar a wurin ta'aziyya.

Ya ƙara shekaru yana cin fanken nan yana kushe gishirinsa. Na tambaye shi, na tambayi Inna, ba sau ɗaya ba, amma har ya koma ga Allah babu wanda ya faɗa mini wane ne a cikinsu ya yi haniniyar.