Turancin Baba Kom

Turancin Baba Kom duka-duka kalma ɗaya ce, amma da ita ya ci, ya sha, ya aurar da 'ya'ya shida. Kalmar ita ce "kom", wato zo. A bakin maigidansa na farko ya tsince ta, shekara talatin da ɗaya da suka wuce, ranar da aka tsayar da shi a ƙofar siton tayil aka ce ya riƙa shigar da manyan motoci da baya. Ƙofar kuwa, wanda ya gina ta Allah ya yafe masa. In tirela ta shiga, abin da ke saura tsakaninta da ginshiƙi bai fi tafin hannu ba.

Direbobi kowa da yarensa, ga rurin inji, sai kalmar ta zama ta kowa. In ya ja ta, "koooom", hanya a buɗe take, taho abinka. In ya jero ta ƙanana-ƙanana kamar mai kiran kaji, a hankali ke nan. Mai tashi sama, karya sitiyari dama. Mai faɗowa, hagu. Har ta zagi akwai, wadda yake ajiye wa direba mai gaggawa. Akawun sito ya taɓa gaya masa cewa a ƙamus ma kalmar ta ci shafi uku. Baba ya ce, "To a gaishe ta. Ni dai ban taɓa ganin ƙamus ya shigar da mota ba."

A cikin direbobin, wani ƙato da ake kira Gwanki ya fi kowa jin wannan Turanci, ya kuma fi kowa bukatarsa. Shekara biyu ke nan yanar ido ta rufe masa idon hagu. Ko matarsa bai gaya wa ba, don ya san ranar da manaja ya ji, ranar zai karɓe makulli. A titi yana lallaɓawa da ido ɗaya da addu'a. A ƙofar sito kuwa da kunne yake tuƙi.

Sai gwiwoyin Baba suka ce sun gaji, ya ajiye aiki. Ranarsa ta ƙarshe da hantsi Gwanki ya iso da lodi, ya sa giyar baya. Muryar tsohon na janyo shi, motar na bi kamar akuya a igiya. Rabinta ya shige ke nan sai ya ji wata "kom" da bai taɓa ji ba, gajeriya, mai kaifi. Kafin ya yi tunani ƙafarsa ta danne birki.

Ya diro. Ta hagu, tsakanin taya da ginshiƙi, wani lebura ne durƙushe yana tattara fasasshen tayil, bai ma san abin da ake ciki ba. Taku ɗaya ya rage. Gwanki ya dubi tsohon nan, ɗan firit da shi cikin koɗaɗɗiyar riga. Tan talatin a kan taya, wai harafi uku ne suka tsayar!

Baba ya ja shi gefe, ya yi ƙasa da murya.

"Ɗana, shekara biyu ina ara maka ido, ban gaya wa kowa ba."

"Baba, ashe ka sani?"

"Tun ranar da ka daina duban madubin hagu. To gobe ba ni nan. Wa zai ara maka?"

 Gwanki ya hau ya kashe inji, ya bar tirelar rabi ciki rabi waje, ya nufi ofis.

"Yallaɓai," ya ce da manaja, "ga makulli. Idona na hagu ba ya gani."